Lambun Iyali: Lila mai saurin fure da ma'anar "climat doux"

  

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani itacen ƙawa da Faransawa suke kira lilas, mu kuwa mu ce lila. Masu sayar da shuke-shuke a Turai da Amurka suna tallar wani irinsa mai suna Lavender Lady, suna cewa an yi shi domin ƙasashe masu "climat doux". Wannan kalma takan ruɗi mai saye, shi ya sa muka ga ya dace mu warware ta.

Asalin lila daga duwatsun yankin Balkan yake, kuma masana suna kiransa Syringa vulgaris. Danginsa ɗaya da yasmin da zaitun, itacen nan mai albarka da Alƙur'ani ya ambata. Daga lambunan Istanbul na daular Usmaniyya ya shiga yammacin Turai a ƙarni na 16, sunansa ma daga Farisanci ya biyo ta Larabci.

Ɗabi'arsa ita ce barci lokacin sanyi. A damina ta Turai yake ƙulla idanun furen baɗi, sa'annan ya zubar da ganye ya kwanta. Idanun nan ba sa buɗewa sai sun tara ɗaruruwan awoyi na sanyin da bai wuce digiri 7 ba. In sanyi ya gaza, itacen zai yi ganye amma fure sai tsilli-tsilli, ko ma babu.

Masana sun daɗe suna neman sassauta wannan sharaɗi. A shekarar 1876, a garin Nansi na Faransa, Victor Lemoine ya haɗa lila na Turai da wani ɗan'uwansa na arewacin Sin, Syringa oblata. Zuriyar da ta fito, Syringa hyacinthiflora, takan riga lila na gargajiya fure da kamar mako guda ko kwana 10. Daga baya, a farkon shekarun 1950, Walter Lammerts ya fitar da Lavender Lady a lambun Descanso, kusa da Los Anjeles ta Kalifoniya, inda sanyi ba ya tsanani. Wasu suna lissafa shi cikin zuriyar hyacinthiflora, wasu masu saye da sayarwa kuma suna rubuta masa sunan vulgaris.

Ga siffarsa. Itace ne mai rassa da yawa daga gindi, kamar lalle, tsawonsa yakan kai mita 3 zuwa 4. Ganyensa guda-guda ne, mai faɗi a gindi da tsini a kai, kuma bibbiyu suke fitowa, kowane yana fuskantar ɗan'uwansa. Furanninsa ƙanana ne, shunayya mai haske, kowanne kamar ɗan bututu da ya buɗe baki gida 4, da sandunan garin fure 2 a ciki. Sukan taru su yi zangarniya a ƙarshen reshe, da ƙamshi mai tafiya nesa. A kudancin Kalifoniya yakan yi fure daga Maris zuwa Afrilu, makonni kaɗan a shekara. Yana son rana ta awa 6 ko fiye, da ƙasa wadda ruwa ba ya kwanciya a cikinta. Ana sassabe shi da zarar fure ya ƙare, domin wanda ya jinkirta zai sare idanun baɗi da hannunsa. Ba a samun irin daga ƙwaya, sai ta dashen reshe ko aure, kamar yadda ake yi wa mangwaro.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Lavender Lady ya rage bukatar sanyi, amma bai rabu da ita ba. "Climat doux" na nufin ƙasar da take da lokacin sanyi na gaske, sai dai marar tsanani, kamar gaɓar Kalifoniya ko kudancin Faransa. Can ma, a Kalifoniya, masu lambu sukan rage masa ruwa a ƙarshen zafi domin su tilasta masa barci. A Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ɗarin Disamba da Janairu da wuya ya sauka zuwa digiri 7, ga zafin Afrilu da ke wuce 40. Wanda ya sayi dashen nan da tsada domin tsakar gidansa a Sahel, ya shayar da shi da ruwan da ake saye da garwa, ya yi asara biyu, kuma addininmu ya hana almubazzaranci. Ƴan'uwanmu mazauna ƙasashen da suka dace da shi, su ne za su more shi.

Akwai kuma gargaɗi ga iyaye. Itacen da ake kira "lilas de Perse" ko "lilas des Indes" a garuruwanmu ba lila ba ne. Kurnar nasara ce, Melia azedarach, ƴar'uwar dogon yaro. Furenta ya yi kama da na lila, amma ganyenta a rarrabe yake, kuma ƴaƴanta masu ruwan ɗorawa guba ne ga yara da dabbobi. A riƙa share su daga tsakar gida.

Allah ya ba kowane tsiro ƙasarsa da lokacinsa. Mai son ƙamshi a gidansa na nan, ga lalle, ga lemun tsami, sun san ranarmu kuma ba sa jiran ƙanƙara. Kafin mu sayi dashe, mu tambayi sunansa na kimiyya da sanyin da yake bukata.

Allah ya sa albarka a abin da muka shuka, ya sa ya zama sadaka mai gudana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalamu alaikum.