Tsibirin Tiristan da Kunya: riba da haɗarin jiragen ƴan yawon buɗe ido

A tsakiyar tekun Atalantika ta kudu akwai wani tsibiri mai suna Tiristan da Kunya, wanda yake ƙarƙashin mulkin Ingila. Sunan wani matuƙin jirgin ruwa ne ɗan ƙasar Fotugal da ya fara hango shi a shekarar 1506, bai da dangantaka da kalmar kunya ta Hausa. Mazaunansa ba su kai mutum 300 ba, dukansu cikin gari guda. Tsakaninsu da birnin Kap na Afirka ta Kudu kimanin kilomita 2.800 ne, wato ya zarce ninki uku na tafiyar Yamai zuwa Damagaram. Babu filin saukar jirgin sama. Mai son zuwa sai ya yi kwana shida ko bakwai bisa ruwa.

Ga shekara, jiragen ƴan yawon buɗe ido kaɗan ne suke biyowa ta nan, yawancinsu cikin watannin Maris da Afrilu, lokacin da suke baro yankin ƙanƙara na Antaktika suna komawa arewa. Tashar tsibirin ƙarama ce, babban jirgi ba ya iya shiga. Sai ya tsaya can nesa, a yi ta kwaso baƙi da ƙananan jiragen roba. In teku ta yi fushi, jirgin yakan juya ba tare da ko mutum guda ya taka ƙasa ba, mata su mayar da kayan saƙarsu gida.

Ranar da aka samu sauka kuwa, kasuwa ce ta ci. Hukuma na karɓar kuɗin sauka, gidan waya na sayar da tambur da masu tarawa suke nema ko'ina cikin duniya, ana sayen rigunan ulu, samari suna rakiyar baƙi zuwa gonakin dankalin Turawa da kuma inda dutse ya yi aman wuta a 1961. Wannan aman ne ya sa aka kwashe jama'ar duka zuwa Ingila, amma a 1963 mafi yawansu suka zaɓi komawa gida. Duk da haka kuɗin baƙi ƙari ne kawai. Abin da yake riƙe da tattalin arzikin tsibirin shi ne langust, wani dangin ƙaguwar teku mai tsada da ake kamawa a kai ƙasashen waje.

Nan ne lissafin yake da wuya. Jirgi guda yana iya sauke baƙi 100 ko fiye a garin da asibitinsa guda ne, ƙarami. Mutanen da suka daɗe a keɓe jikinsu bai saba da cututtukan duniya ba. A 1971 wani jirgi da ya zo daga Kap ya kawo mura mai tsanani, ta kwantar da kusan kowa da kowa, mutum biyu suka rasu. Idan ciwo ya fi ƙarfin likitan gari, babu abin yi sai jiran jirgi, sannan a yi mako guda a hanya. Saboda haka a watan Maris na 2020, da cutar korona ta ɓulla, majalisar tsibirin ba ta yi wata-wata ba ta hana baƙi sauka. An yi hasarar kuɗi, amma a wannan shekara cutar ba ta shiga garin ba. Hukuncin ya yi daidai.

Haɗari na biyu ya shafi tekun kanta. A 2011 jirgin dakon kaya mai suna Oliva ya yi karo da duwatsun tsibirin Naitingel da ke kusa, mansa ya malale, ya ɓata dubban tsuntsayen teku, aka kuma dakatar da kamun langust a wurin. Ba jirgin ƴan yawo ba ne, amma ya nuna abin da kuskuren matuƙi guda yake iya jawowa. Ko ɓera guda da ya sulale daga jirgi yana iya yin ɓarna a tsibiran da tsuntsaye suke ƙwai a ƙasa.

Abin da ya bambanta Tiristan da sauran wuraren da kamfanonin jirage suka mamaye shi ne ikon da ke hannun mazauna. Ƙasar ta jama'a ce baki ɗaya, baƙo ba ya sayen fili, kuma ba ya sauka sai da izinin hukumar tsibirin. A 2020 sun keɓe fiye da murabba'in kilomita 680.000 na ruwansu inda aka hana kamun kifi. Kamfanin da yake son kawo baƙi sai ya nemi izini tun da wuri, ya kuma amince cewa ana iya mayar da shi ko da ya iso bakin tasha.