Ina Hotunan Amarya Ke Kwana?

Da zarar an sa ranar biki a Kano ko Kaduna ko Zariya, sai iyali su zauna lissafi: lefe, kayan ɗaki, anko, abinci, mai kwalliya. Shi kuwa mai hoto, yawanci ƙawar amarya ce ke kawo shi. Ta ga aikinsa a Instagram yana ɗaukar ido, aka tambayi farashi, aka tura kafin alƙalami, magana ta ƙare. Ba wanda ya tambaye shi inda hotunan za su kwana bayan taro ya watse, alhali a ganina da wannan tambayar ya kamata a fara.

A dubi irin ƙofar da ake buɗe masa. Ɗakin da ake shirya amarya, ƙanin ango ma ba ya leƙawa, amma ga baƙon saurayi rataye da kyamara yana ciki tun ana kafa mata ɗauri. Ranar kamu yana tsakiyar mata. Gwaggo ta ajiye mayafi ta taka rawa don ta san a cikin 'yan uwanta take, matar aure ta zauna gefe tana shayar da jariri, duk kyamara na aiki. Waɗannan mata biki aka gayyace su, kuma babu wadda aka nemi yardarta a kan duniya ta gan ta.

A da abin da sauƙi. A ɗauka a fim, a kai wanki, a jera a albam, a ajiye a sif sai baƙo na kusa ya zo a ɗauko masa. Yanzu kati ɗaya yana ɗaukar dubban hotuna, su wuce kwamfutar mai hoto, su shiga wayar yaronsa. Amarya ba ta gama cin amarci a gidanta ba, bidiyonta na yawo a TikTok an ɗora masa kiɗa, a ƙasa kuma waɗanda ba su san ta ba suna auna kyanta suna yi wa ango ba'a. Mai hoto ya samu talla kyauta, tsegumin kuwa a gidan sabon aure yake sauka.

Mutane da yawa suna ɗauka ba su da ta cewa, tunda kyamarar tasa ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto don harkar gidansa damar hana a wallafa shi ko a baza shi, sai fa idan an yi wata yarjejeniya dabam. Amma wace amarya ce za ta so ta fara zaman aure da zaryar kotu? Hoton da ya fita ya fita. Saboda haka a zauna da mai hoto tun kafin kuɗi su shiga hannunsa, kuma babba ya zauna, uba ko yaya ko waliyyi, kada a bar wa ƙawaye.

A rubuta abin da aka yi magana a kai. Mu da ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Baƙara, ta umarce mu da rubuta bashi, bai dace mu riƙa jin kunyar takarda ba. A faɗi ranakun da zai zo, da ranar da zai kawo aiki, da wuraren da ba zai shiga ba, da cewa ko hoto ɗaya ba zai ɗora a shafinsa ba sai ma'aurata sun amince. A nemi ganin aikin biki guda daga farko har ƙarshe, domin goma masu kyau da ya tsamo ya kafa a shafi ba sa nuna yadda yake yi idan wuta ta ɗauke a ɗakin taro. A kuma gaya masa ya bar wa amarya launin fatarta. Ana gyara hoto har kaka ta kasa gane jikarta, kuma wannan cin fuska ne ga yarinyar. Inda ake da mace mai hoto, kuma suna ƙaruwa a garuruwanmu, a ba ta taron mata.

Shi ma yana da haƙƙi a kanmu. Mutumin nan yana tsaye tun ɗaurin aure har kai amarya, sau da yawa ba wanda ya tuna ya miƙa masa ko ruwa. Ya kwana yana tace hotuna, sannan ya yi watanni yana bin cikon kuɗinsa ana ce masa hidima ta yi yawa. Daga nan wasu ke riƙe aiki, wasu su huce haushi da ɗora abin da ba a so. A sa kuɗinsa cikin lissafi tun ranar da ake lissafin shinkafa da lemo, a cika masa ranar da ya kawo aiki, sannan a gabansa a tambayi abin da zai yi da kwafin da ya rage a kwamfutarsa.