Ku bar malamin lissafi ya je bita, amma ku tambaye shi tsaraba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin iyaye, har da wasu daraktocin makaranta. Wai malamin lissafi da ya nemi izinin zuwa bita a Yamai gudun aji yake yi, ko kuɗin zama yake bi. In kuma aka ji batutuwan bitar, daidaiton siffa da lissafin bin sawu da sarrafa hoto, sai a kwashe da dariya a ce me ya haɗa ɗan Bonkuku mai noman dankali da wannan? Masu wannan magana sun yi kuskure, kuma a kan ƴaƴansu abin yake ƙarewa.

Mu fara da lissafin bin sawu. Makiyayi yakan dubi sawu a rairayi ya ce raƙumi ne, da kaya a bayansa, kuma yana ɗingishi. Bai ga raƙumin ba, daga alamar da ya bari ya gano shi. Haka masu neman ruwa suke yi kafin a haƙa fanfo. Sukan kafa ƙarafa a ƙasa, su tura lantarki, su auna yadda ya ratsa, domin yashi mai ruwa da busasshen dutse ba sa barin lantarki ya wuce iri ɗaya. Daga waɗannan alƙaluma ake lissafa abin da ke ƙarƙashi. A cikin Dallol Bosso ruwa yana kusa, shi ya sa lambunan Bonkuku suke kore da rani. Amma ku hau tudun Kurfai, inda ruwa ke da nisa, ku tambayi garin da aka haƙa wa rijiya ta fito babu ruwa ko wannan lissafi wasa ne.

Na'urar sikana ta asibiti ma haka take. Ba ta buɗe kan mara lafiya. Haske take harbawa ta kusurwoyi da yawa, kwamfuta ta haɗa hoton ciki daga abin da ya fito ta ɗaya gefen. Wani masani ɗan Ostiriya, Johann Radon, ya rubuta tushen wannan lissafi a 1917, lokacin da babu wanda ya ga amfaninsa a asibiti. Sai a 1971 aka fara ɗaukar hoton kan mara lafiya da irin na'urar a Landan. A 1979 aka ba Godfrey Hounsfield da Allan Cormack, haifaffen Afirka ta Kudu, kyautar Nobel a kanta. Da iyayen zamanin Radon irin namu ne, da sun ce ɓata alli yake yi.

Sarrafa hoto kuwa a ƙofar gidanmu ake yin sa. Cibiyar AGRHYMET da aka kafa a Yamai a 1974 da hotunan tauraron ɗan adam take bin damina da kiwo a ƙasashen Sahel. Kuma ta hanyar gwada tsofaffin hotunan jirgin sama da sababbin hotunan tauraro aka tabbatar manoman Maraɗi da Damagaram sun rayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta kusan miliyan 5. Manomanmu suka yi aikin, amma yawancin masu ƙirgar daga waje suka zo. Har yaushe za mu riƙa shuka, wani yana ƙirga mana?

Daidaiton siffa shi ne ma abin kunyar. Yana cikin darasin ajin farko na kwaleji, yaro ya haddace shi da Faransanci, ya manta bayan jarrabawa. Alhali yana gida, a faifan da uwarsa ta saƙa, da tabarmar da yake kwana a kai, da ɗinkin hular babansa. Malamin da ya zauna da masana ya ji cewa da wannan ƙa'ida kwamfuta take gane siffa ko an juya ta, zai dawo ya ɗauki faifai ya shiga aji da shi.

Na san hujjar ɗaya ɓangaren, kuma tana da nauyi. Malamai sun yi ƙaranci, rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tillaberi, ga BEPC na jiran yara. Mako guda babu malami asara ce. To, a sa bitar cikin hutu, ko abokin aiki ya riƙe ajin. Asarar mako guda ba ta kai ta shekara ashirin da malami zai yi yana rubuta abin da shi kansa bai san amfaninsa ba, yara suna kwafa kamar aku.

Laifin bai tsaya kan iyaye ba. Akwai malaman da ke zuwa bita su sa hannu da safe, su ɓace kasuwa, su dawo da takardar shaida da jaka mai tambari. Su suka ɓata wa sauran suna. Akwai kuma masu shirya taron da ke tara daktoci kawai suna yi wa juna jawabi. Jami'ar da ke ɗauke da sunan Abdou Moumouni, mutumin da ya rubuta littafi sukutum kan ilimi a Afirka a 1964, ta fi kowa cancantar ware kujeru ga malaman kwalejin karkara irin na Filinge da Imanan.

Saboda haka, ku iyaye, ku daina hana tafiya, ku fara neman tsaraba. Idan malam ya dawo, ƙungiyar iyaye ta kira shi ya yi bayani da harshen da kowa ke ji, Hausa ko Zabarmanci ko Tamashek: me ya koyo, kuma wane darasi zai sake saboda shi? Ku daraktoci, ku ba shi awa ɗaya ya koya wa sauran malamai. Wanda ya kasa bayani, badi a tura wani.