Kasuwar Waya A Bakin Iyakar Jibiya

Yau ku yi mini afuwa na ɗan jingine labarin soyayya, domin akwai maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kusan kullum sai wata ƙanwata ta turo mini saƙo, wai Anti koya mini sirrin kasuwancin intanet, ina ɗora kaya amma shiru. To amsata ɗaya ce, kuma a nan Jibiya na koye ta da kuɗina da hawayena: wanda zai saya a hannunki ta waya amanarki yake saye kafin kayanki.

Ni dai marubuciya ce, ina haɗawa da 'yar sana'ar turaren wuta da humra. A da, ranar Lahadi ake cin kasuwar Jibiya da mutanen Ɗan Isa da Maraɗi, su sayi littattafaina da turare su tsallaka ta Magama. A watan Agusta 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa, tamu ba a buɗe ta ba sai Afrilu 2022. Ba mu gama farfaɗowa ba aka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, aka sake garƙame ta har Maris 2024. A waɗannan shekaru turarena ya tsaya a gida, amma labaraina sun ci gaba da shiga Maraɗi ta WhatsApp, domin rubutu ba ya tsayawa a shinge. Nan na san darajar waya, nan kuma na san sharrinta.

Abu na farko, ki faɗi farashi a fili da lamba, ki kuma faɗi ko Naira ce ko Sefa. Wannan ɗabi'a ta "ki biyo ni ta ciki" korar mai saye take yi. Mu na bakin iyaka ma abin ya fi shafar mu, don mutanen Nijar da dala suke lissafi, dala ɗaya kuwa Sefa 5 ce. Idan Bamaraɗiya ta ce miki ɗari biyu, Sefa 1,000 take nufi, wato jaka guda. Na taɓa yin baram-baram da wata baiwar Allah a kan wannan, kowa na ganin ɗan uwansa ne ya cuce shi, alhali lissafi ne bai haɗu ba.

Na biyu, hoton kayanki na gaskiya za ki ɗora, a hasken rana, ba wanda kika kwaso a shafin wata ba. Wadda kika nuna wa leshi mai kyau ta buɗe leda ta ga wani abu daban, ba ita kaɗai kika rasa ba, har da dangin mijinta da matan layinsu. Ramin ƙarya ƙurarre ne, a waya kuwa ya fi saurin ƙurewa. Kuma ki riƙa haɗawa da saƙon murya, domin da yawa daga iyayenmu masu kuɗin saye ba sa karanta boko, amma suna jin magana.

Na uku, kada kaya su bar hannunki sai kin ga kuɗi a asusunki da idonki. Farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta yi wuya kowa ya koma tiransifa, wani ya turo mini hoton shaidar biya na turaren biki guda. Na ba direba kaya, na wuni ina jiran alat, har yau bai shigo ba. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Haka shi ma direban da za ki ba saƙo, ki tabbata sananne ne a tasha, ki tura wa mai kaya lambarsa da ta motarsa.

Na huɗu shi ne wanda masu koyar da talla a birni ba za su gaya miki ba. A watan Satumba 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Jibiya, sai a Disamba aka fara maidowa. Duk wadda shagonta yake cikin waya kaɗai ta wayi gari ba shago. Abin da ya cece ni wani tsohon littafin rubutu ne mai shafi 60, inda nake rubuta sunan kowane mai saye, lambarsa, garinsa da abin da yake so. Da shi nake shiga Katsina in kira su ɗaya bayan ɗaya. Mabiya dubu a Facebook ko TikTok ba naki ba ne, na mai shafin ne. Mutum 40 da suka san ki, kika san su, su ne jarinki.

Na san wata za ta ce wannan hanya tana da jinkiri, ga wance can tana rawa da kaya a bidiyo tana samun dubban masu kallo. Ban hana kowa talla ba, kaza ma sai ta yi kuka ake sanin ta yi ƙwai. Amma kallo daban, ciniki daban. Iyayenmu sun yi shekaru suna ba mutanen Maraɗi bashin kaya daga Lahadi zuwa Lahadi ba takarda ba shaida, saboda magana ɗaya suke yi. Wayar nan tamu ta gajarta tafiya ne kawai, sharaɗin ciniki yana nan yadda suka bar shi.

Don haka ƙanwata, kafin ki sayi data gobe, ki sayi littafi da biro. Allah Ya sa albarka a nemanmu, Ya zaunar mana da iyakarmu lafiya. Mu haɗu a ci gaban labari in Allah Ya kai mu.