Masu Tace Fim: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin tace fim a Kano ya san wannan baƙin cikin: an kammala aiki, an sa kwamfuta ta matse fim ɗin ta fitar da shi, ta kwana tana jan ƙafa, can da asuba manhajar ta rufe kanta, a koma farko. Nan take sai a ce manhaja ce ba ta da kyau, a goge ta a sake ɗora wata. A ganina, mai karatu, wannan barin jaki ne ana dukan taiki.

Mu dubi nauyin da muke ɗora wa na'urorin nan. A zamanin faifan VCD, hoto guda ɗigo 352 ne a kwance, 288 a tsaye. Hoton 4K kuwa, wanda yau kowane furodusa ke alfahari da shi, ɗigo 3840 ne a kwance, 2160 a tsaye, wato ya ninka na VCD fiye da sau 80. Sannan tsarin matse bidiyo na H.265, wanda ya fito a 2013, ya fi H.264 na 2003 rage girman fayil, amma ya fi shi wahalar da kwamfuta nesa ba kusa ba. Kaya ya ƙaru, jakin kuwa na jiya ne.

Abin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ne ya fi damuna, zafi ne. Matse bidiyo yana sa ƙwaƙwalwar kwamfuta aiki da iyakar ƙarfinta na tsawon sa'o'i, idan zafinta ya doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone, in abin ya faskara ta mutu baki ɗaya. To, ina ga ɗakin da babu iska a watan Afrilu, ga kuma ƙurar hunturu ta toshe fankar ciki tun bara? Na taɓa ganin wata kwamfuta da maigidanta ya yanke ƙauna da ita, aka buɗe ta aka hure ƙura kawai, ta koma aiki lafiya lau.

Akwai kuma hoton waya. Wayoyi da dama ba sa riƙe adadi ɗaya na hotuna a kowace daƙiƙa, kuma hakan kan rikita manhajar tacewa, murya ta saɓa da motsin baki. HandBrake, wadda kyauta ce, tana daidaita shi kafin a fara aiki. Tana ma ajiye bayanin abin da ya faru idan ta tsaya, sai dai mutum nawa ne ke buɗewa su karanta? Batun manhajar sata da aka fasa kuwa, wadda ba ta samun gyara daga masu ita, ba sai na tsawaita ba.

Saboda haka ba yaron da ke tacewa nake zargi ba. Furodusan da ya iya biyan jarumai da hayar kyamara ya kamata ya ware kuɗin na'urar riƙe wuta, da rumbun ajiya mai sauri, da sanyaya ɗakin aiki, ya kuma ba edita lokacin da zai yi ƙananan kwafi marasa nauyi ya tace da su, kafin a koma kan ainihin hoton ranar fitarwa.