"Tooth and Nail": Farce Ne, Ba Ƙusa Ba

Wannan makon mun ɗauko wata magana ta Turanci da ke yawo a jaridu, musamman idan zaɓe ya matso ko shari'a ta yi zafi: "fight tooth and nail".

Mu fara da kuskuren da yawancinmu muka taso da shi. Kalmar "nail" tana nufin ƙusa, tana kuma nufin farce, kuma mun sha jin ɗalibi ya ce ai ƙusa ce, wai faɗan ne ya yi muni har aka ɗauko ƙusa. A'a, farce ne. Haƙori da farce, wato cizo da yakushi. Tsohuwar magana ce, tun ƙarni na 16 ake samunta a rubuce-rubucen Ingila, kuma siffarta ba ta canzawa. Ba a cewa "teeth and nails", ko da mutum dubu ne ke faɗan.

To wa ke faɗa da haƙori da farce? Wanda ba shi da takobi, ba shi da ko sanda. Dubi kyanwa idan kare ya ritsa ta a lungu. Ba ta fi shi ƙarfi ba, amma hanyar gudu ta toshe, sai ta yi amfani da abin da Allah ya halicce ta da shi. Tura ce ta kai bango. Shi ya sa ta fi zama daram a kan mai kare abin da ake son ƙwace masa.

A nan ne muke da ja da masu rubuta labarai. Sai ka ga an rubuta cewa wani mai mulki zai yi faɗan "tooth and nail" don ya koma kujerarsa. Mutumin da ke da jami'an tsaro, da ayarin lauyoyi, da buhunan kuɗi, ina shi ina yakushi? Bature ba zai ce an karya nahawu ba, don shi ma yana faɗin haka. Amma a ganinmu an ara wa mai ƙarfi rigar mai rauni, sai mai karatu ya tausaya wa wanda bai cancanci tausayi ba.

Masu fassara kuma a yi hattara. Idan ka ce "da haƙori da farce" a rediyo, mai sauraro zai ɗauka kishiyoyi ne suka kaure a tsakar gida. Idan kuma ka ce "ko a mutu ko a yi rai", ka zarce gona da iri. Wannan ita ce fassarar "do or die", kalmar da Obasanjo ya furta gabanin zaɓen 2007, kuma duk wanda ya ga yadda zaɓen ya gudana ya san nauyinta. Ita "tooth and nail" galibi babu jini a cikinta. Ana yinta a kotu, a majalisa, ko a teburin sulhu. "Tsayin daka" ko "iya ƙarfinsa" sun wadatar.

Inda muka ga ta dace sosai shi ne wajen matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu huɗu, dangin miji suka taso za su sayar da gidan. Ba ta da lauya, ba ta san kowa ba. Ta je wurin mai unguwa, ta je wurin liman, ta yi ta sintiri a gaban alƙali da goyo a bayanta, har ta sayar da 'yan kunnenta don kuɗin mota.