Laftof Ɗin Gem Da Ɗan Kuɗin Ɗalibi: Kada Tambarin i7 Ya Ruɗe Ka



Duk farkon zango maganar ɗaya ce a ɗakunan kwana da bakin shagunan Gesse: wane ya sayo laftof, wane yana tara kuɗi, wane ya ce wa mahaifinsa furojet ba zai yiwu ba sai da kwamfuta. Kuma a 'yan shekarun nan ba kowace laftof ake so ba, sai wadda ake kira ta gem, mai baƙin jiki da kibod mai jan wuta, wadda in an buɗe ta a aji kowa sai ya waigo. Ba ni da ja da wannan sha'awa. Wanda ya wuni yana karɓar lacca cikin zafin Kebbi, in ya ce zai buga ƙwallo a kwamfuta da dare bai yi laifi ba. Damuwata ita ce yadda ake sayen. Da yawanmu muna zuba kuɗin da ba za mu sake samun irinsa ba har mu gama makaranta, a kan na'urar da aka ƙera domin wata ƙasa da wani yanayi, kuma abin da muke dubawa kafin mu biya shi ne abin da ya fi ƙarancin amfani.

Mu fara da kuɗin, tunda shi ne tushen zancen. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira, a farkon 2024 ta haura 1,500. Laftof ɗin gem mafi ƙanƙanta da ake sayarwa dala 700 a waje, da can lissafinta naira 322,000 ne, a farkon 2024 kuwa ta wuce miliyan ɗaya tun ba a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa ba. Ɗalibin da yake karɓar dubu 20 na kashewa daga NELFUND kowane wata, ko bai ci ko sisi ba, shekara guda dubu 240 zai tara, kuma bashi ne. Saboda haka maganar sabuwa fil a kwali ba tamu ba ce, sai 'yan ƙalilan. Mu dai ta hannu ce, wadda wani ya yi amfani da ita a Ingila ko Amurka, ta shigo ta Computer Village a Ikeja ko ta titin Beirut a Kano, sannan ta iso hannunmu. Kuma mu faɗi gaskiya, kuɗin nan sau da yawa buhunan shinkafa ne da aka noma a fadamar Argungu ko Suru, ko kuma saniyar da aka kai kasuwa. Wanda ya san yadda ake ban ruwa a noman rani da tsadar man inji, ba zai yi wasa da irin wannan kuɗi ba.

To ina ake faɗuwa? A kan ɗan tambarin nan da ke manne kusa da kibod. Kana shiga shago mai kaya zai ce maka, "Yallaɓai, wagga i7 ce fa, ba ta da na biyu." Kai kuma ka ji i7, ka san bakwai ta fi biyar, shi ke nan ciniki ya faɗa. Alhali sunan i7 shi kaɗai bai gaya maka kome ba. Intel yana fitar da furosesa ne zubi-zubi, kusan kowace shekara, kuma lambar da ke bin sunan ita ke nuna zubin. In ka ga i7-4700HQ, lamba 4 ɗin nan tana nufin zubi na huɗu, na shekarar 2013. In ka ga i5-11400H, zubi na sha ɗaya ne, na 2021, kuma wannan i5 ɗin zai bar wancan i7 ɗin a baya nesa ba kusa ba. Akwai ma wata matsala: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, shi kuwa Windows 11 a ƙa'ida ba ya karɓar furosesan Intel da ya gaza zubi na takwas, in ban da wasu 'yan kaɗan. Duk wanda ya tallata maka zubi na huɗu ko na shida da sunan i7, tsohuwa ce ya shafa wa hoda.

Ko furosesan ma ba shi ne zuciyar gem ba. Abin da yake zana filin ƙwallo da 'yan wasa da inuwarsu shi ne katin girafik, kuma a nan ya kamata kuɗinka ya tafi. Ga mai ƙaramin ƙarfi, GTX 1650 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2019 da ƙwaƙwalwar giga 4, shi ne matakin da bai kamata a sauka ƙasa da shi ba in da hali. Sama da shi akwai RTX 3050, sai GTX 1660 Ti da RTX 2060 masu giga 6, waɗanda duk da tsufansu har yanzu suna da ƙarfi. Za ka same su a cikin Acer Nitro 5, HP Pavilion Gaming ko Victus, Lenovo IdeaPad Gaming, Asus TUF da ire-irensu. Wasan da aka fi nema a nan, wato FIFA da ya koma EA Sports FC tun 2023, masu shi sun ce mafi ƙarancin abin da FC 24 yake buƙata shi ne GTX 1050 Ti da RAM giga 8. Ka ga ke nan laftof mai MX150 ko MX250, duk da ita ma tana ɗauke da koren tambarin Nvidia, ba ta gem ba ce, ko da mai shago ya rantse. In aka ba ka zaɓi tsakanin i7 mai raunin kati da i5 mai GTX 1650, ɗauki ta biyun ka yi gaba.

RAM da ma'ajiya kuwa kada su tayar maka da hankali. A yawancin waɗannan laftof ana iya ƙara su daga baya, in ka samu kuɗin SIWES ko wani ɗan aiki. Giga 8 za ta fara riƙe ka, 16 ta fi, kuma ka tabbata ma'ajiyar SSD ce. Katin girafik dai a narke yake a jikin allon na'ura. Yadda ka saye shi haka za ka rabu da shi.

Duk wannan za ka iya jin sa a bidiyon YouTube. Abin da Bature mai bidiyon ba zai gaya maka ba shi ne Birnin Kebbi. Yawancin kamfanonin laftof suna rubuta cewa a yi aiki da na'urarsu a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yakan haura 40, a ɗakin da mutum huɗu ko shida suke kwana, fankar sama kuma tana tsaye don ba wuta. Laftof ɗin gem tanderu ce ko a ƙasar sanyi. In furosesa ya kusa digiri 95 zuwa 100 sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone, wasan ya fara tsinkewa, kai kuma ka ɗauka an cuce ka ne. Sannan ga hunturu. Ƙurar da take shiga hancinmu daga Disamba zuwa Fabrairu ita ce fankokin laftof suke zuƙa, ta taru a bakin mafitar iska kamar auduga. Na'urar da aka ɗora a kan katifa ko darduma kuwa, an toshe mata hanci ke nan gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin a garin nan laftof mai kauri, mai fanka biyu da faffaɗar mafitar iska, ta fi siririya mai kyan gani, ko da siririyar ta ɗan fi ta a takarda. Kuma ka sa a lissafinka cewa aƙalla sau ɗaya a shekara, bayan hunturu, za a buɗe ta a share ƙura, a sake shafa man nan da yake janye zafi daga furosesa.

Sai wuta, wadda ba sai na yi dogon bayani ba. Cajar laftof ta yau da kullum wat 45 ce ko 65. Ta laftof ɗin gem takan fara daga 120 ko 135, wasu har 230. Ƙaramar solar da ake cajin waya da ita ba za ta ɗauka ba, fawa bank ɗin da kake taƙama da shi ma haka. In kuma ka cire caja ka ce za ka buga da batir, na'urar za ta rage ƙarfin katin da kanta, kuma cikin awa ɗaya ko biyu ta mutu. Ka tuna sabon batir nake nufi, ba wanda ya shekara huɗu a hannun wani ba. Ranar da za ka kare furojet, ko daren da kake haɗa rahoton SIWES aka ɗauke wuta, mai EliteBook ɗin da kake yi wa dariya yana nan yana aiki, kai kana yawon neman inda aka tayar da janareto da na'ura mai nauyin fiye da kilo biyu a bayanka. Ban ma yi maganar data ba: FC 24 kaɗai yana neman wurin giga 100, kuma a farkon 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗi da kashi 50 cikin ɗari.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ba a son ji. Kai wane kwas kake yi? Ɗan Akitekca ko Sibil da zai zauna da AutoCAD da Revit, har ya kai ga fitar da hoton gini a Lumion, wannan kam katin girafik kayan aikinsa ne, kamar yadda koma take ga masuncin Argungu. Haka mai haɗa bidiyo ko zanen da yake samun na abinci da shi. Su in sun sayi laftof ɗin gem jifa ɗaya ne tsuntsu biyu, har ma ina ba su shawarar su leƙa Dell Precision ko HP ZBook na hannu, waɗanda aka yi domin injiniyoyi. Amma ɗan Akanta, ko Gudanar da Mulki, ko ma ɗan Kimiyyar Kwamfuta da aikinsa bai wuce rubuta furogiram ba, wallahi ThinkPad T480 ko Latitude 7490 ko EliteBook 840 G5 ta ishe shi har HND. Dukkansu ana samun masu zubi na takwas, batirinsu ya fi jimiri, cajarsu tana ko'ina, kuma masu gyara sun san cikinsu kamar yunwar cikinsu. Rarar kuɗin za ta biya maka gidan gem na shekaru, inda ake buga PlayStation a babban allo, ga abokan hamayya, ga ihu, wutar ma ba kai za ka nema ba.

Na san abin da wasu za su ce: kuɗina ne, kuma ba kowane abu ake saye don amfani ba, akwai jin daɗi. Awo, na yarda, in dai kuɗin naka ne. Wanda ya yi ɗinki ko ya yi kabu-kabu ya tara, ya saya abin da ransa yake so. Inda ban yarda ba shi ne a je gida a ce wa tsoho malamai ne suka ce sai mai jan kibod. Shi bai san RTX ba, amanar da ya ba ka kawai ya sani. In gem kake so, ka ce gem kake so, a yi shawara a kai. Ku ma 'yan uwa mata, kun fi shan wannan cuta ta wata fuskar, don sau da yawa wani ake ba kuɗin ya sayo muku, shi kuma ya zaɓo wadda shi yake sha'awa, ya bar ku da dakon kaya da batir marar riƙo. Ku riƙa tambaya, ku je da kanku in da hali.

In dai ka yanke sai ta gem, to kada ka yi cinikin biri a sama. Hoton WhatsApp da "turo kuɗi a sa a mota" sun raba mutane da yawa da dukiyarsu. Ka je da ƙafarka, ko Kano ce ko Sakkwato, tare da wanda ya san kan abin. Ka buɗe Task Manager ka ga sunan furosesa da na katin da idonka, kada ka dogara da tambarin da ke manne, don ana sayar da shi daban. Ka rubuta powercfg /batteryreport ka kwatanta ƙarfin batirin na asali da abin da ya rage. Sannan ka sa a kunna wasa mai nauyi na minti ashirin ko talatin, kana sauraron fanka, kana duba zafi da manhaja irin HWMonitor. Na'urar da take da ciwo takan yi lafiya a minti biyar na farko, daga baya take fallasa kanta. Mai shagon da ya ce ba shi da lokacin wannan gwaji, kai ma ba ka da kuɗin ba shi. Ka buɗe murfin ka rufe sau da yawa don ka ji gwiwar allon, ka duba ko kusoshin ƙasa sun sha sukurdireba, ka tabbata cajar ta asali ce mai cikakken wat, ka kuma shiga BIOS ka ga ba a kulle ta da kalmar sirri ba.

Rasit kuma dole ne, mai ɗauke da lambar jikin na'urar da sunan shago da kwanakin garanti a rubuce, ko da mako biyu ne. Laftof ɗin da wani ya kawo maka hostel da dare, ba caja ba rasit, a rabin farashi, wai yana sauri zai yi tafiya, ka bar masa abinsa. Ranar da mai ita ya zo da 'yan sanda, a hannunka za a same ta.

Ka kuma rage wani abu a aljihu, kada ka ƙarar da kuɗin duka a kan na'urar. Akwai jaka mai kauri saboda hawa mashin, da abin kare ta daga wutar da ake kawowa da ƙarfi, da ɗan abin ɗorawa mai fanka, ko ba shi ka samu katako biyu ka ɗaga bayanta iska ta shiga. In allon laftof ɗin gem ya ƙone, da wuya ka samu madadinsa a Birnin Kebbi ko Argungu, sai an aika Kano ko Legas, kuma kuɗinsa kan kusa na wata laftof ɗin.